Ƙaryar Da Na Yi A Gaban Likita

Akwai wata ranar Talata a rayuwata da na tabbata ko tsufa ya cinye mini hankali ba za ta fita daga raina ba. Na yi ƙoƙarin mantawa da ita. Na sake aure, na haifi 'ya'ya, na je aikin Hajji na dawo, amma har yau in na bi ta gaban babban asibiti a Azare sai na ji bakina ya yi ɗaci. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don wadda abin ya fi shafa tana raye, kuma ɓarnar da na yi mata a baya ta isa.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula ta fara shigowa garinmu, ina bin kasuwannin Dambam da Yana da Udubo ina sayen wake da riɗi, in mun haɗa tirela da abokan sana'a sai ɗayanmu ya raka kayan zuwa kudu. A wajen wannan yawon na haɗu da matata ta fari. 'Yar garin Katagum ce, mahaifinta manomin shinkafa ne a fadama, kuma a wajensa nake sauka in na je sayen kaya. Ta gama sakandare, ta iya ɗinki, ba ta da yawan magana. Ni na gan ta na ce ina so, ita ma ta ce tana so, ba wanda ya tilasta wa wani. Su goma sha ɗaya ne a ɗakin mahaifiyarta, shi ya sa da aka kawo ta Azare, gidan da ba kowa sai ni da ita, takan ce shirun gidan na damunta. Tana dariya take cewa in ba ta shekara biyar kawai, za ta cika mini tsakar gida da hayaniya har sai na riƙa gudu masallaci don in huta.

Wata huɗu da aurenmu na raka tirelar wake, motar ta lalace mana a wata tasha a hanya, muka yi kwana tara muna jiran kayan gyara. A cikin kwanakin nan na aikata abin da Allah ya hana. Ba zan ɗora wa shaiɗan ko abokai ba, da ƙafata na je. Na dawo gida da tsarabar atamfa da sabulu, ta karɓe ni da murna, ta dafa mini kaza.

Bayan kamar mako biyu na fara jin zafi in ina fitsari, ga wani ɗan ruwa da ke ɓata mini wando. Na tafi wajen wani dattijo mai kemis a unguwarmu, wanda ya yi aikin asibiti shekaru kafin ya yi ritaya. Na jira sai da masu sayen magani suka watse, sannan na yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Ya saurare ni, ya ɗauko kafso ya zuba a 'yar leda, amma bai miƙo mini ba.

"Kana da iyali ko?"

Na ce ina da.

"To wannan ciwon ba na mutum ɗaya ba ne. Ka kawo ta, ko ka kai ta asibiti. In kunya kake ji, ka karɓi nata ka kai mata, ku sha tare, ku ƙaurace wa juna har ku gama."

"Ai lafiyarta ƙalau, Baba. Ba ta ce komai na damunta ba."

"Su mata ba lallai su ji komai ba. Shi ya sa nake faɗa maka."

Na ce masa ta yi tafiya, in ta dawo zan kawo ta. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya miƙo mini ledar.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni karɓar nata maganin. Amsar ba ta da wani zurfi. In na miƙa mata kafso, za ta tambaye ni na mene ne, ni kuma ba na son in ga yadda fuskarta za ta canza. Amarya ce, tana ganina kamar wani mutumin kirki, kuma ina jin daɗin wannan kallon. Sai na riƙa shan maganina a ɓoye a shago, zafin ya tafi, na yi istigfari na ce magana ta wuce. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, alhali ban sake kusantar wata mace ba. Wannan karon ban koma wajen dattijon ba, sai na bari ranar kasuwar Dambam na sayi magani a wajen wanda bai san ni ba. Ya sake dawowa a shekara ta biyu, na sake yin haka. Ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina daga ina yake dawowa ba.

Shekara ɗaya ta wuce ba ciki, ta biyu ma ta wuce. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a gidan yayana, ba nisa da mu. Da farko addu'a take yi, daga baya ta koma tambaya, daga tambaya ta koma kawo magani. Babu irin abin da matata ba ta sha ba: rubutu, saiwoyi, jiƙo mai ɗacin da in ta sha sai ta riƙe bango, hayaƙin da take tsugunawa a kai har idanunta su yi ja. Takan yi fama da ciwon mara jefi-jefi, wani lokacin da ɗan zazzaɓi. Mata suka ce sanyi ne irin na mata, wai daga ban-ɗaki ake ɗauka ko wanka da ruwan sanyi, aka haɗa ta da tafarnuwa da kanumfari. In ya lafa sai ta koma kan keken ɗinkinta.

A shekara ta huɗu wata ƙawar Inna ta ce ai wannan namijin dare ne, aljani ne ya aure ta yake ɓata cikin. Ni da kaina na ɗauke ta a babur na kai ta wajen mai ruƙiyya a wani ƙauye ta hanyar Yana. Ina zaune a gefe ana yi mata karatu a kunne, ana shaƙa mata wani abu a hanci, ana ce wa aljanin ya faɗi sunansa. Ita kuwa hawaye kawai ke zubo mata. Malamin ya ce aljanin mai taurin kai ne, mu dawo bayan mako guda. Muka koma har sau uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne yabon da nake sha a lokacin. A majalisa ana misali da ni, wai ga wanda matarsa juya ce amma bai sake ta ba, bai ma yi zancen ƙarin aure ba. Danginta in sun zo daga Katagum har godiya suke yi mini. Mahaifinta ya taɓa riƙe hannuna ya ce, "Allah ya saka maka da alheri da haƙurin da kake yi da 'yar nan." Na sunkuyar da kai na ce ba komai, Baba, haihuwa ta Allah ce. Kuma daɗi nake ji. Ita ma takan ce ba ta san da me za ta biya ni ba. Duk sunan da za a yi a unguwa ita ke ɗinka kayan jariri, ta je ta yi barka, ta dawo ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ni kuma in shiga in ce ta yi haƙuri, ni ban damu ba.

Kada in yi wa kaina ƙarya a nan ma. Ban san tabbas cewa ciwon nan ne ya hana ta haihuwa ba. Amma maganar dattijon nan mai kemis takan faɗo mini, musamman ranar da na ga ta dafe mara tana cije leɓe. In ta faɗo sai in yi sauri in kawar da ita. Har hanya na canza don kada in riƙa bi ta gaban shagonsa.

A shekara ta shida, da damina, watanta ya wuce ba ta ga al'ada ba. Ta ɓoye har mako biyu kafin ta faɗa mini. Aka yi gwajin fitsari aka ce ciki ne. Inna da kanta ta zo da ƙwaryar fura da man shanu, ta hana ta ɗaukar ko bokiti, ta ce ai ta san ruƙiyyar nan ba za ta tafi a banza ba. Ban taɓa ganin matata cikin farin ciki kamar na waɗannan kwanakin ba. Ta fito da wasu yadika da ashe ta daɗe tana ɓoyewa a ƙasan akwati, ta fara yanka 'yan riguna.

Ba a yi wata guda ba, ina shago da hantsi maƙwabciyarmu ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu. Na tarar da ita a ƙasa kusa da keken ɗinki, jikinta ya yi sanyi, leɓunanta sun yi fari. A asibiti suka ce cikin ba a mahaifa ya zauna ba, a hanya ya maƙale, kuma wurin ya fashe, jini na zuba a cikinta. Aka shiga da ita tiyata. Suka nemi jini, na ba da leda ɗaya, yayana ya ba da ɗaya. Allah ya yi da sauran kwananta. A nan ma sai da aka yabe ni, ana cewa dubi yadda ya ba ta jininsa.

Bayan ta warke, likitan da ya yi mata aikin ya ce mu riƙa zuwa. Ya sa aka yi mata wani hoto da ake zuba ruwa a mahaifa don a ga inda yake bi, aka kuma ɗebi jininta aka aika gwaji. Sai ya ce ranar da za mu karɓi sakamako lallai mu zo tare. Ita ce Talatar da nake magana.

Ɗan ƙaramin ofis ne, fanka na juyawa a sama, muna zaune a kujeru biyu a gabansa, wata ma'aikaciyar jinya na rubutu a gefe. Likitan mutum ne mai natsuwa, Hausarsa irin tamu. Ya jawo takarda ya zana mahaifa, ya zana wasu siraran hanyoyi biyu dama da hagu.

"Ta nan ƙwan mace yake bi ya iso mahaifa," in ji shi. "Ta dama ita ce ta fashe, mun cire ta. Ta hagu kuma hoto ya nuna a toshe take, ruwa bai wuce ba ko kaɗan."

Matata ta tambaye shi me ya toshe ta.

Ya ce lokacin tiyata ya ga tabo ko'ina a wurin, irin wanda tsohon ciwo ke bari. Jininta kuma ya nuna jikinta ya taɓa yaƙi da wata ƙwayar cuta da ake kira kalamidiya, ɗaya daga cikin cututtukan da mutane ke haɗawa su kira ciwon sanyi. Ya ce ba zai rantse ba, amma duk alamu can suka nuna.

"Wannan ƙwayar ba ta da hayaniya," ya ci gaba. "Mace na iya ɗauke da ita shekaru ba ta sani ba. Ita kuma tana hawa a hankali har ta kai waɗannan hanyoyin. To jikin mutum yana da sojojinsa. In suka ga baƙo sai su taso masa, wurin ya kumbura, ya yi zafi. Hanyoyin nan kuwa ba su da kauri, cikinsu akwai wasu 'yan gashi masu laushi da ke tura ƙwai. Yaƙin da ake yi a kansu shi ke lalata su. In ciwon ya tafi ya dawo, sojojin sun riga sun gane shi, sai su taso da ƙarfin da ya fi na farko, ɓarnar ta ƙaru. In wuri ya warke sai ya bar tabo, tabon ya haɗe hanya."

Ta ƙura wa zanen ido. Sannan ta ce, "Wato jikina ne da kansa ya rufe hanyar."

"Yana ƙoƙarin kare ki ne, Malama. Ba laifinki ba ne. Da an sha magani da wuri, ke da maigidanki a lokaci guda, maganin kwana kaɗan ne, da wataƙila ba a kai nan ba."

"A ban-ɗaki ake ɗauka?"

"A'a. Ta hanyar kwanciya ake ɗauka."

Sai ya juyo wajena. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, a hankali ya yi ta kamar yana tambayar shekaruna.

"Malam, ka taɓa jin zafin fitsari, ko ka ga ruwa na fita daga gabanka?"

Ina jin ƙarar fankar nan har yau. Ga matata da ɗinkin tiyata a cikinta, ga cikin da muka rasa, ga gaskiya an shimfiɗa ta a kan takarda a gabana. Duk da haka na buɗe baki na ce, "A'a, likita. Ni ban taɓa ba."

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗago kai ta kalli matata. Kallo ne na daƙiƙa ɗaya, amma na gan shi, kuma na san me yake nufi. In ba daga miji ba ne, to daga ina matar aure ta samo? A lokacin na gane abin da amsata ta ɗora mata, kuma ban janye ba.

Matata ba ta dube ni ba. Idonta na kan takardar ta ce, "Ya taɓa, likita. Shekarar da aka kawo ni, bayan ya dawo daga kudu. Ni nake wanke masa kaya, na ga alama a wandonsa, na ga ledar kafso a aljihunsa. Ya sake yi sau biyu bayan nan. Na ɗauka ciwo ne na maza da yake jin nauyin faɗa mini, sai na rufa masa asiri."

Likitan ya ajiye bironsa, ya ce zai rubuta mana magani mu duka biyu, mu sha tare. Ta tambaye shi ko akwai sauran hanyar da za ta haihu. Ya ce akwai wani aiki da ake yi a manyan birane, a haɗa ƙwai a waje a dasa a mahaifa, amma bai ɓoye mana ba cewa ba na masu ƙaramin ƙarfi ba ne, kuma ko an yi ba tabbas. Ta ce ta gode, ta gyara mayafinta ta miƙe.

A babur muka zo, a babur muka koma. Kullum takan dafa kafaɗata in za mu shiga rami, ranar kuwa ƙarfen baya ta riƙe har gida. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta zage ni, har na shirya kalmomin ban haƙuri. Sai ta ɗora tukunya, ta yi tuwo, ta kawo mini, ta zauna nesa kaɗan. Bayan la'asar na fara magana, ta ɗaga hannu.

"Malam, abu ɗaya nake so. Ka je ka faɗa wa Inna abin da likita ya ce. Ba sai duniya ta ji ba. Ita kaɗai. Shekara shida tana kallona a matsayin wadda ta hana ɗanta zuri'a."

Na ce zan je. Washegari na je ɗin. Na tarar da Inna tana tsince shinkafa, na gaishe ta na zauna a bakin tabarma. Ta tambaye ni me likita ya ce, na ce ya ce hanyar haihuwar ta toshe. Ta ce daman ta sani, tun ranar da ta fara ganin yarinyar nan jikinta ya ba ta. Ta ce na yi iya abin da ɗan halak zai yi, yanzu lokaci ya yi da zan duba wa kaina. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Na dubi furfurarta, na tuna yadda take alfahari da ni a cikin 'ya'yanta, sai na ce to, Inna, Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Na tashi na tafi.

Da na koma gida matata ta kalle ni sau ɗaya, ba ta ma tambaye ni ba. Ta gama shan maganinta na kwanakin da aka rubuta, ta tabbatar na sha nawa. Ta kammala ɗinkunan mutane da ke hannunta ta aika wa kowa nasa. Sannan wata safiya ta ce tana so ta je ganin gida, na kai ta tasha da kaina. Da na dawo na ga ba kan keken ɗinki, sai ƙafafunsa. Ashe tun jiya ta ba maƙwabciya ta kai mata tasha.

Bayan mako biyu na tafi biko Katagum. Ruwa ya cika fadama, hanya duk taɓo, na isa da azahar. Mahaifinta ya karɓe ni a zaure yana ba ni haƙuri, yana cewa bai san me ya shiga kan yarinyar nan ba, sun yi tambayar duniya ta ce ba abin da na yi mata. Ashe ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Ya aika aka kira ta, ya tashi ya ba mu wuri.

Ta rame, amma idonta a bushe yake. Na ce ta yafe mini, na ce zan sayar da abin da na mallaka in kai ta inda ake dashen nan, na ce ba zan taɓa yi mata kishiya ba. Ta bari sai da na gama.

"Abin da ka yi a hanya, tsakaninka da Allah ne," ta ce. "Ciwon ma na yafe, don na yarda ba ka san zai kai haka ba. Ni ma da na yi tambaya ranar da na ga maganin, da wataƙila yanzu ina da goyo. Wannan zan mutu da shi. Amma ranar nan, bayan ka ji komai da kunnenka, an tambaye ka ka ce a'a. Ka ga yadda matar nan ta kalle ni, ka yi shiru. Na ba ka dama ta biyu a wajen Inna, ka sake yin shiru. Ka kai ni ana neman aljani a jikina kana zaune. In na koma gidanka, kullum zan riƙa jin ana yabon haƙurinka, ni kuma in riƙa cewa amin. Ba zan iya ba, Malam. Ka ba ni takardata."

Na roƙe ta har aka kira la'asar. Daga ƙarshe na rubuta saki ɗaya, ina fatan kafin idda ta cika za ta sauko. Ba ta sauko ba. Da zan tafi mahaifinta ya rako ni har bakin hanya, yana ta cewa in yafe mata, ƙuruciya ce da zafin rashin haihuwa. Nan ma ban ce komai ba.

Sai bayan idda ta cika na faɗa wa Inna, ranar da na ji tana gaya wa wata baƙuwa cewa Allah ya raba ɗanta da wahala. Da baƙuwar ta tafi na zauna na faɗa mata komai, tun daga tashar da mota ta lalace har ofishin likita. Na ɗauka za ta ce mu shirya mu tafi Katagum. Sai ta leƙa tsakar gida ta ga ba kowa, ta rage murya ta ce, "Wa ka faɗa wa bayan ni?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To kada ka kuskura. Wa zai ba ka 'yarsa in aka ji wannan?" Har ta rasu ba mu sake tayar da zancen ba.

Bayan shekara guda na yi wani auren. Kafin a ɗaura na je aka duba ni, aka ce ba komai. Yau 'ya'yana biyar. Duk sunan da aka yi a gidana sai wani ya ce ka gani, ashe daman matsalar daga wajenta ne. Ni da na kawo ciwon na sha kafso na kwana bakwai na warke sarai, ita da ba ta taka ko'ina ba ita aka yanka, ita aka cire wa hanya, ita ake kira juya har gobe. Ina samun labarinta wajen masu kawo shinkafa. Ta auri wani dattijo da matarsa ta rasu, ta riƙe masa 'ya'ya har ta aurar da biyu, tana koya wa 'yan mata ɗinki a gida. Sau ɗaya na hango ta a tashar Azare tana jiran mota, na tsaya a bayan wata rumfa har motar ta tashi.

Shekaru kaɗan da suka wuce na je Katagum na samu mahaifinta, ya tsufa sosai, na faɗa masa gaskiya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ka makara, yaro." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma miƙo mini hannu da zan tafi ba.

Abin da na koya ba na jin daɗin faɗarsa, don ba ni na biya kuɗin karatun ba, ita ta biya. Na daɗe ina kiran abin da ya hana ni magana kunya, alhali son kai ne, ina kare mutuncina da lafiyar wata. Duk namijin da ya ga alamar irin wannan ciwon, ya ɗauki matarsa su je asibiti tare tun a makon farko, ko da za ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Fushin mace yana wucewa, amma hanyar da tabo ya rufe ba ta dawowa don an yi nadama. Kuma in kun ga gidan da ba haihuwa, kafin ku ɗora wa matar suna ku kai ta wajen masu cire aljanu, ku fara tambayar mijin da ke zaune a gefe ana yabon haƙurinsa.